Ranar Da Na Share Ƙofar Nani

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. A kasuwa a tare ni, a masallaci a tare ni, in na zauna majalisa da yamma ko shayi ban kurɓa ba sai wani ya ce, "Garba, ba mu labari mana." Na faɗa na sake faɗa har bakina ya gaji, kuma kowa da abin da yake so ya ji. Wani dogon gini yake tambaya, wani matan Turawa. Ni ba kallon gini ya kai ni ba. Zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, daga nan a ƙyale ni.

Ƙanwata Binta na je ɗaukowa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma mu biyu muka rage. Mijinta ya rasu ya bar ta da yarinya ƙarama, Ummi. Da ta fita takaba wasu masu hali suka tafi da ita New York renon 'ya'yansu, da sunan shekara biyu. Su sun dawo, ita ta zauna. Ummi a ɗakin matata Hajara ta girma, ni na kai ta makaranta, ni na je ranar da ta gama karatun jinya. Yanzu ta kawo miji, yaron kirki, aka sa rana ƙarshen shekara. Shekara goma sha shida uwar ba ta taɓa jikin 'yarta ba. Ummi ba mai surutu ba ce, amma ranar da aka kawo kayan sa rana na ji ta a madafa tana tambayar Hajara, "Umma, kina ganin Mama za ta zo?" Hajara ta ce sai abin da Allah ya yi. A waya kuwa in na ɗauko maganar, Binta sai ta ce aiki, ko ta ce layi ba kyau. Na ce to zan je in tsaya a gabanta, in ga ko a nan ma layin zai lalace.

Biza sai a karo na biyu aka ba ni. Sana'ata atamfa ce a Kwari, na sha zuwa Dubai saro kaya, fasfona ya ci tambari, ina jin shi ya taimaka. Wani ɗan unguwarmu da ke aikin asibiti a can ya turo takardar gayyata. Daga Kano muka sauka Alƙahira, muka canza jirgi. Wannan na biyun shi ne azaba. Ƙafata ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, rana kuma ta ƙi faɗuwa, muna bin ta tana gudu. Na rasa wace salla ce ta yi, na dinga yi a zaune ina roƙon Allah ya karɓa.

A filin jirgin JFK aka jera mu layi kamar masu jiran mai. Wanda ya duba fasfona ya ce me na zo yi, na ce ziyara, ya buga tambari. Na ɗauka an gama. Ina ɗaukar jakata sai ga wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gindinta, har ya goga mini hanci a wando. Aka kai ni gefe aka zazzage kaya. Ma'aikacin ya ɗaga ƙullin kuka ya ce wannan fa, na ce miya. Ya buɗe daddawa ya shinshina, ya ja da baya, ya ƙulle da sauri ya ce in tafi da abata. Kilishi ne ya ce ba ya shiga ƙasarsu. Kilishin nan Ummi ce ta je da kanta ta sayo wa uwarta, ta naɗe da hannunta. Na roƙe shi da ɗan Turancina na kasuwa, ya ce doka ce. Na ce to a bar ni in cinye a nan tsaye, ya ce a'a. Ina kallo ya jefa a bola.

Binta ba ta zo tarye na ba. Wani dattijo mai farin gemu ne ya ɗaga kwali da sunana, Malam Issaka, mutumin Kumasi, direban tasi.

"Masa, sannu da hanya," in ji shi. "Binta ya ce in ɗauke ka, shi yana wurin aiki."

Na ce wane Binta kuma? Daga baya na gane haka Hausarsu take, mace ma shi ce, Masa kuma kamar a ce maigida.

Ɗakin da Binta take sauka ranar hutu na mata ne, ba wurin namiji, saboda haka a gidan Issaka na sauka, a wata unguwa Highbridge cikin Bronx. Unguwar duk hawa ce da gangara, gidan kuma bene na biyar ba na'urar hawa. Mutum huɗu ne a ciki, gado biyu. Mai aikin dare ya kwanta da rana, mai aikin rana ya kwanta da dare, katifa ba ta taɓa hucewa. Ni aka ba ni doguwar kujera. Akwai wani ƙarfe a jikin bango mai ɗumama ɗaki, in ya tashi aiki sai ka rantse maƙeri ne a ciki. Abinci kuwa shinkafa da wake ne irin nasu, ja, da wani baƙin yaji mai ƙarnin kifi. Issaka ya tura mini tukunya ya ce, "Zuba da kanka, Masa. Nan ba wanda zai ce maka ƙara."

Na tambaye shi yaushe zai koma gida. Ya shafa gemu ya ce, "Ni ma wata shida na zo yi."

Sai ranar Lahadi na ga ƙanwata. Ta shigo cikin wata jibgegiyar rigar sanyi da takalmi kamar na soja, ta durƙusa ta ce, "Yaya." Yarinyar da na goya ce, ga furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Muka yi kuka, Issaka ya fita ya ba mu wuri. Da muka natsu na ce, "Binta, kin san abin da ya kawo ni."

"Ka huta tukuna, Yaya. Ka ga garin."

"Na gan shi ta tagar mota, ya ishe ni."

Ta yi dariya, ta duba agogo, ta ce jirgin ƙasa zai wuce ta. Aikinta jinyar wata tsohuwa ce Ba'indiya a Queens, a can take kwana, Lahadi kawai take fita. Sati biyun farko da na yi a garin, sau biyu na gan ta. Sauran kwanakin ina kan kujerar Issaka ina kallon bango, ko in gangara masallaci in zauna da 'yan Nijar. Na kira ta na ce in haka ne gara in koma, a Kano ma na fi jin muryarta. Washegari ta kira ta ce ta yi magana da masu gidan. Suna da ɗaki a ƙasan gida, kuma babbar sallarsu ta matso, wadda suke kira Diwali, suna neman mai ɗaga kaya. In zo in yi kwana huɗu.

Mu mutanen Kano mun ɗauka mun san Indiyawa, don mun tashi muna kallon su a silima. Na je ina tsammanin rawa a gindin bishiya. Abin da na tarar tsohuwa ce 'yar ƙarama a keken guragu, rabin jikinta ya shanye, kowa yana ce mata Nani. Gidan na 'yarta ne Kabita, mace mai gilashi da saurin magana, mijinta yana da kantin magani. 'Yan Hindu ne. Nani ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ce wani abu, Binta ta fassara: wai me ake ba mu a ƙasarmu muke tsawo haka, kuma me ya sa ban ba ƙanwata ko kaɗan ba. Binta ta iya yarensu daidai gwargwado. Ita ke yi wa tsohuwar wanka, ita ke taje mata kai, ita ke ba ta abinci a baki. In Binta ta fita daga ɗaki minti kaɗan, sai ka ji "Binta! Binta!"  Uwarmu da za ta rasu, Hajara ce ta yi mata wannan.

Shirin sallarsu kamar namu ne, sai dai sun fi mu wahalar da gida. Ba kujerar da ban ɗaga ba, ba labulen da ba a sauke ba. Wai arziki ba ya shiga gida mai datti. Kabita ta tafi da ni kasuwarsu ɗaukar kaya, wani titi da ya cika maƙil kamar Kwari ana jibi Salla: masu gwal, masu alawa, masu furanni ruwan goro da aka shirya a zare. Na tsaya a wani kanti ina murza yadin matansu da yatsa, mai kantin ya gane ɗan sana'a ne, ya sauko mini da na sama. Ba mu ji yaren juna ba amma mun daɗe. Nama kuwa babu shi a gidan ko na rantsuwa. Wake iri-iri, ganye, gurasa mai laushi, da alawar madara mai zaƙi har ta hau kai. Na ce wa Binta ba zan ci abin da aka kai gaban gumaka ba. Ta ce ta sani, ita ma haka take yi, namu ake fara ɗiba kafin a kai ɗakin bautarsu, kuma Nani ce da kanta take tunawa.

To ga abin da ya faru ranar sallar. Na yi asuba a ɗakina na ƙasa, gari ya fara haske, na ce bari in fita in sha iska. Ina buɗe ƙofar gida na yi turus. A dokin ƙofa, daidai inda mutum zai sa ƙafa, an zana wani abu da gari, ja da fari da rawaya da kore, zagaye cikin zagaye. An jera 'yan kasake a gefe. Abin da ya fi tayar mini da hankali, an zana 'yan sawaye ƙanana, kamar na jariri, suna tafiya suna shiga gidan. Jiya da na sauka kwanciya babu shi.

Ku da kuka san Kwari kun san abin da ya sami maƙwabcina mai shadda. Gari aka barbaɗa masa a ƙofar shago da ƙwai, ya tsallaka, shekara ba ta zagayo ba ya rufe shagon. Na ce mutanen nan sun ba ni ɗaki sun ba ni abinci, ƙanwata kuma ta nan take wucewa, ba zan bari kowa ya tsallaka wannan ba. Na karanta Ayatul Kursiyyu, na samo tsintsiya, na share tas. Na kwaso ruwa a bokiti na wanke wurin, na tattara kasaken na kai bayan bola. Na shiga madafa na sami Binta tana dama wa Nani kunu.

"Ki gaya wa mutanen nan suna da maƙiyi," na ce. "Amma na yi maganinsa."

Ta ajiye cokali. "Me ka yi, Yaya?"

Na faɗa mata. Ta dafe kai da hannu biyu. "Innalillahi! Yaya, ka kashe ni. Adon sallarsu ne! Kabita ce ta zana jiya, a durƙushe cikin sanyin nan, sai da bayanta ya riƙe."

Kafin in ce wani abu Kabita ta sauko, ta buɗe ƙofa, ta tsaya tana kallon jiƙaƙƙen siminti. Ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Ta cire gilashi tana gogewa. Binta ta bi ta tana ba da haƙuri da Turanci, hannu a haɗe, kamar yarinyar da ta fasa tulu. Mace mai shekara arba'in da ɗoriya. Ban taɓa ganin ta haka ba. A raina na ce, Allah ya sa su kore ta. Su kore ta yau, in sa ta a gaba mu tafi gida.

Aka turo Nani ta ga ɓarna. Aka yi mata bayani, har da maganar maƙiyi da shagon mai shadda. Tsohuwar nan ta fara dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, Binta na bubbuga mata baya. Da ta samu numfashi ta ce a garinsu akuya ce take lashe musu zanen duk shekara, ba ta taɓa ganin akuya mai tsintsiya ba. Ta ce ita ma ta san sammu, a ƙauyensu ana yi, kuma wanda ya tashi da sassafe ya kare ƙofar da ba tasa ba, ba a korarsa. Amma wanda ya share shi zai riƙe kwanukan kala.

Kabita ta ce bayanta ba zai iya wani durƙuson ba. Binta ta ce a hankali ita za ta gwada. Na manta, wallahi na manta, cewa kafin ta tafi duk amaren unguwarmu ita ke zana musu lalle. Ta ce fure kawai za ta yi, sawayen nan na abin bautarsu ne mai kawo arziki, ba za ta sa hannu ba. Nani ta ce fure ya isa, Kabita ta ƙara sauran.

Aka busar da wurin. Binta ta durƙusa, ni ina tsugune da kwanuka. Ta ɗebi gari tsakanin yatsu tana saki kaɗan-kaɗan, sai ga irin zanen da nake gani a ƙafar amare a Gwammaja yana fitowa a ƙofar Ba'indiya. Kabita ta ɗauko waya tana hoto.

"Wannan hannun a Kano ake nemansa," na ce.

"Miƙo ja, Yaya."

"Saura wata biyu bikin."

"Ja na ce, wannan rawaya ne."

Da magariba suka kunna fitilu. Kasaken da na kai bayan bola ashe fitilu ne, na yumɓu, a zuba mai a sa lagwanin auduga, kamar aci-balbal ɗinmu ta da. Aka jera su a matakala, a taga, a bakin zanen Binta. Gidajen layin da yawa haka, har da na lantarki masu walƙiya. Suka bar ƙofa a buɗe cikin sanyin nan don arziki ya shigo. Ni na sauka na yi sallata, ina jin su a sama suna kaɗa 'yar ƙararrawa suna waƙa. Ina tahiya sai wata na'ura a silin ta ɗauki ihu, hayaƙin turare ya tashe ta, na fito na tarar da mijin Kabita a kan kujera cikin sabuwar riga yana yi mata fifita da faranti. Nani ta ce a garinsu yau sama sai ta tsage da wasan wuta, a nan kuwa turare ma sai an ba shi haƙuri. Bayan nan aka ɗora mini tiren alawa, muka bi maƙwabta gida-gida, har da wani baƙin Ba'amurke da wasu 'yan China, kamar yadda muke rabon naman layya.

Da muka zauna na ce Binta ta tambayi tsohuwar fitilun na mene ne. Ta ce wani ɗan sarki ne a labarinsu aka kora daji shekaru masu yawa. Ranar da zai dawo babu wata, sai mutanen gari suka kunna fitila a kowace ƙofa don ya ga hanya. Binta tana fassarawa muryarta tana raguwa.

Na ce, "Kin ji dai."

"Ni na faɗa maka, Yaya. Na ji."

Kwana biyu bayan nan suna da wata ranar, ta wa da ƙanwa. Yayan Kabita ya taso daga wani gari mai nisa, babban mutum mai tumbi da furfura, aka ajiye masa 'yar kujera ya zauna kamar yaron da za a yi wa aski. Kabita ta shafa masa jan abu a goshi, ta zagaya fuskarsa da fitila, ta yi masa addu'ar tsawon rai, ta sa masa alawa a baki, shi kuma ya ba ta kyauta. Wai duk inda namiji yake, ranar nan sai ya je ya ci abincin hannun 'yar'uwarsa. Nani tana gefe tana kallo. Binta ta raɗa mini cewa tana da ƙane a Indiya, shekara da shekaru tana cewa baɗi za ta je ta yi masa, har ciwo ya kwantar da ita, shi kuma ya mutu.

Sai tsohuwar ta nuna ni da hannunta mai lafiya, ta nuna Binta, ta nuna farantin jan abin. Na ce a gaya mata ta yi haƙuri, goshina na sujada ne. Ta gyaɗa kai, ba ta ji haushi ba. Ta ce to abinci fa, addininku ya hana ƙanwa ta ciyar da wanta? Ta ce yau madafa ta Binta ce, Kabita ce za ta kula da ita tsohuwar, kada wanda ya kira Binta ko gidan zai kama da wuta.

Kukar nan da daddawar da suka tsallake kare, su suka yi rana. Binta ta tuƙa tuwo da garin semo, ta kaɗa miya ba nama. Warin daddawa ya cika gidan mutane, na ji mijin Kabita yana buɗe tagogi. Ta kawo mini ɗakin ƙasa, ta zauna a bakin gado. Na kai loma ɗaya na ajiye hannu. Miyar Innarmu ce, har yawan barkonon. Hajara shekara ashirin tana gwadawa ba ta taɓa kamo ta ba.

Tunda an ce wa yana ba da kyauta, na buɗe jaka na ciro turmin ankon bikin. Na ɓoye shi ne sai ranar da ta ce to. Na ɗora mata a cinya. Ta shafa, ta juya bakin ta duba kamar 'yar kasuwa.

"Wa ya zaɓa?"

"Ita."

Binta ba ta faɗin sunan Ummi. 'Yar fari ce, kuma sunan Inna gare ta, kunya biyu ke nan. Ta daɗe tana kallon atamfar, sannan ta ce, "Yarinyar nan, ta kai ni tsawo? A waya fuska kawai nake gani."

Na miƙe na sa hannu a daidai kunnena. Ta taso ta tsaya a gefena, kanta bai wuce kafaɗata ba. Ta ɗaga ido tana kallon inda hannuna yake.

"Har can?"

"Har can. Ki zo ki gani da idonki."

Ta koma ta zauna. "Yaya, takarduna ba su fito ba. In na fita ƙasar nan ƙofa ta rufe, ba dawowa. Lauya ya ce suna hanya."

"Shekara nawa suna hanyar? A ƙafa suke tahowa? Ta rufe mana! Gidanmu bai rushe ba, ɗakin Inna yana nan."

"In zauna ina jiran ka miƙo mini na cefane?"

"Da can wa ya miƙa miki?"

Ta hau ninke atamfar. Na ɗauka na ci ta. Sai ta ce, "Ba shi ne ba, Yaya. Tsoro nake ji. In mun yi waya, daga ina kwana, ya aiki, ya sanyi, shi ke nan magana ta ƙare, sai mu yi ta jin numfashin juna. In na tsaya a gabanta ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta juya ta ce wa Hajara Umma, ban san yadda zan yi ba. A nan ko ba komai ina da 'ya a can. In na je na ga babu fa?"

"To ai baƙuwar ce ke," na ce. "Sai ki zo a saba."

Na san maganar ta yi nauyi, amma ba ni da wata. Ta sa fuska cikin atamfar ta yi kuka, ni ma na kasa ƙarasa tuwon. Muna nan zaune muka ji daga sama, "Binta! Binta!" Tsohuwar da ta kafa dokar ita ta fara karyawa. Binta ta goge ido da bakin ɗankwali ta miƙe.

Na ƙara sati ɗaya a gidan Issaka, ban fasa magana ba. Ranar da zan taho Nani ta ba Binta hutu, ta rako ni filin jirgi a motar Issaka. Ta cika mini akwati biyu da kayan amarya. A bakin inda ba a wucewa ta riƙe hannun rigata ta ce, "Yaya, kada ka ce mata na ƙi. Ka ce ban iya ba."

Na ce, "Abin da na gani zan faɗa."

Da na iso gida yara suka yi ta ihun oyoyo, aka shigo da akwatuna. Ummi ta fito ta durƙusa ta yi mini sannu da zuwa, amma idonta ba a kaina yake ba, yana kan ƙofar zaure. Ta daɗe tana kallo, har yaron da ya shigo da jakar ƙarshe ya sakaya ƙofar. Sannan ta tashi ta ce bari ta kawo mini ruwa.

An yi biki lafiya, da yawanku kun zo ɗaurin aure, Allah ya saka. Abin da ba ku gani ba shi ne lokacin da za a fita da amarya. Aka kawo ta ɗakina a lulluɓe, na yi mata nasiha, Hajara ta yi mata. Na kira Binta. A can rana ce tsaka, tana wurin aiki, na ji ta shiga banɗaki ta saki famfo don kada a ji ta. Na sa wa Ummi wayar a ƙarƙashin mayafi. Ban san abin da aka faɗa ba, na dai ji Ummi tana cewa, "To, Mama. To, Mama." Can na ga hasken wayar ya canza ta cikin mayafin, layi ya yanke. Mata suna ta guɗa a tsakar gida, motoci suna hon. Na miƙa hannu in karɓi wayata, Hajara ta riƙe ni. Haka aka fita da ita har cikin mota, da wayar a kunne.